Badujalar Soja da Amon Turmi: Sautin Jama'a Ya Zama na Jama'a

Gabatarwa

Duk wanda ya yi makarantar firamare a ƙasar nan ba zai manta da ranar maci ba. Tun da sassafe akan jera yara a fili, kowa da farar safarsa, ana jiran shigowar badujala. Da zarar babbar ganga ta yi dim, begila ta amsa, sai ka ga yaron da jiya bai iya bambance hagu da dama ba ya miƙe ƙafa yana takawa daidai da na kusa da shi. Haka nan duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san amon turmi da hantsi, ya kuma san daɗin lugude idan mata biyu ko uku suka haɗu a kan turmi guda. Da waɗannan sautuka biyu muka girma, na filin fareti da na tsakar gida. To amma idan yau malami ya so ya jiyar da ɗalibansa ɗaya daga cikinsu a aji, ina zai samo shi? Idan kuma ya samu, yana da izinin kwafa da rabawa?

Ra'ayin da wannan maƙala za ta kare shi ne, duk sautin da aka samar da kuɗin jama'a, kamar kiɗan badujalar soja da ta 'yan sanda, ya kamata a naɗe shi a sake wa jama'a ba tare da biyan ko kwabo ba. Sautukan rayuwarmu ta yau da kullum kuwa, waɗanda babu hukumar da aka ɗora wa alhakin adana su, malamin Hausa ne ya fi cancanta ya fara tattara su. Za mu duba yadda wasu ƙasashe suka yi, mu ga abin da za mu ɗauka da wanda za mu yi hattara da shi.

Ma'anar Sautin da Ba a Biyan Ladansa

A dokokin haƙƙin mallaka na yawancin ƙasashe, duk kiɗan da aka naɗa a faifai yana ɗauke da haƙƙi iri biyu. Na farko shi ne haƙƙin wanda ya ƙago kiɗan ko waƙar. Na biyu shi ne haƙƙin wanda ya ɗauki nauyin naɗar sautin, wanda galibi kamfani ne ko gidan rediyo. Saboda haka yana yiwuwa kiɗa ya tsufa har haƙƙin maƙaginsa ya faɗi, alhali faifan da aka naɗe shi a ciki sabo ne, yana da mai shi. Kason kuɗin da ake biyan mai haƙƙi duk lokacin da aka sayar da aikinsa ko aka watsa shi, shi ne za mu kira ladan mallaka a nan.

Sautin da aka ce ba a biyan ladansa hawa-hawa ne. Akwai wanda ake saye sau ɗaya a hannun kamfani, daga nan mai saye ya yi ta amfani da shi ba tare da sake biya ba. Wannan ba kyauta ba ne, ciniki ne na biya ɗaya. Akwai wanda mai shi ya bayar kyauta bisa sharaɗi, alal misali a ambaci sunansa, ko kada a yi kasuwanci da shi. Ƙungiyar Creative Commons, wadda aka kafa a Amurka a 2001, ita ce ta fito da lasisi iri-iri masu sauƙin fahimta don wannan manufa a ƙarshen 2002. Sai kuma hawa na uku, wato sautin da ya zama mallakar kowa, ko dai domin wa'adin haƙƙinsa ya cika, ko domin doka ta hana a mallake shi tun farko, ko domin mai shi ya yafe haƙƙinsa baki ɗaya. Wannan na ƙarshe ya yi kama da rijiyar waƙafi a bakin hanya: kowa ya zo da gugansa sai ya ja, babu mai tambayarsa sunan ubansa.

Wajibi ne malami ya san wannan bambanci, domin samun abu cikin sauƙi ba shi ne halaccinsa ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba maƙagin kiɗa ko waƙa kariya tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, ta kuma ba naɗaɗɗen sauti kariyar shekara 50. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa suna da kariya har ƙarshen 2069. Don an tura wa mutum su a waya a shagon kasuwa kan kuɗi kaɗan, wannan bai mayar da su mallakar kowa ba.

Darasi Daga Badujalar Amurka

Misali mafi fitowa fili na sautin da doka ta mayar mallakar kowa shi ne na badujalolin sojan Amurka. Sashe na 105 na dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar, ta 1976, ya ce aikin da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya yi a bakin aikinsa ba shi da kariyar haƙƙin mallaka. Hujjar mai sauƙi ce: talaka ya riga ya biya da harajinsa, bai kamata a sake cajinsa ba. Tun da makaɗan soja ma'aikatan gwamnati ne, abin da suka kaɗa suka naɗa a bakin aiki ya shiga wannan hukunci, muddin shi ma kiɗan da suka kaɗa ba ya ƙarƙashin haƙƙin wani.

Mafi daɗewa daga cikin waɗannan badujaloli ita ce ta rundunar Marin, wato sojan da ke yaƙi a ruwa da tudu. An kafa ta da dokar majalisa a ranar 11 ga Yuli, 1798, kuma ita ce ke yi wa shugaban ƙasa kiɗa a fadarsa da ke Washinton. Daga 1880 zuwa 1892 John Philip Sousa ne ya shugabance ta, mutumin da ya tsara kiɗan maci fiye da 130. A zamaninsa ne, a 1890, kamfanin Columbia ya fara naɗar kiɗan badujalar a kan faifan kaki mai siffar gwangwani, wanda ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci. Wannan ya faru ne shekara 13 kacal bayan da Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar naɗar sauti a 1877.

Abin mamaki shi ne, shi kansa Sousa bai ƙaunaci wannan na'ura ba. A 1906 ya rubuta maƙala mai zafi yana kukan cewa kiɗan inji zai sa mutane su daina koyon kiɗa da rera waƙa da bakinsu, ya kuma je gaban majalisa yana ƙorafin cewa kamfanoni na sayar da kiɗansa ba su ba shi komai. Kukansa da na takwarorinsa bai faɗi ƙasa banza ba, domin dokar 1909 ta wajabta biyan maƙagi senti 2 a kan kowane kwafi da aka buga na kiɗansa. Sousa ya rasu a 1932. Da wa'adin haƙƙin yawancin ayyukansa ya cika, sai badujalar da ya taɓa shugabanta ta fara wani aiki a 2015 na sake kaɗa dukkan kiɗan macinsa ɗaya bayan ɗaya, tana sa sautin da rubutaccen tsarin kiɗan a intanet kyauta. A yau malamin kiɗa a kowace ƙasa yana iya sauko da shahararren macinsa, The Stars and Stripes Forever, wanda ya tsara a 1896 kuma majalisa ta mayar da shi macin ƙasa a 1987.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, kare haƙƙin mai fasaha da sakar wa jama'a dukiyarsu ba kishiyoyin juna ba ne. Sousa ya ci moriyar gumi nasa a lokacin da ya dace, magadansa ma suka ci, sannan aikin ya koma hannun kowa. Kowane ɓangare ya sami rabonsa.

Taskokin Sautin Yau da Kullum

Ɓangare na biyu na batunmu shi ne sautukan da babu wanda ya ƙago su: saukar ruwan sama a kan kwano, kukan tsuntsu, buɗe ƙofa, hayaniyar kasuwa, usur ɗin jirgin ƙasa. Masu shirya fim da wasan kwaikwayo na rediyo sun daɗe da sanin darajarsu. A 2005 masu bincike a Jami'ar Pompeu Fabra da ke Basalona, a ƙasar Sifen, suka buɗe taskar Freesound, inda kowa ke iya ajiye sautin da ya naɗa ƙarƙashin lasisin Creative Commons. Taskar ta tara sautuka fiye da 500,000, kuma masu sa kai ne suka zuba su. A 2018 kuma gidan rediyon BBC ya buɗe tasa taskar mai sautuka fiye da 16,000, ya ƙara su zuwa fiye da 33,000 a 2020. Sai dai sharaɗin BBC shi ne a yi amfani da su don kai, ko koyarwa, ko bincike. Wanda zai sa su a fim na sayarwa sai ya nemi lasisi ya biya. Ga misali nan na abin da muka faɗa a baya, cewa kyauta ma suna ta tara.

Mai karatu zai iya cewa, shin ƙarar ƙofa da carar zakara har sun kai a kira su ilimi? Wasu al'ummu sun riga sun amsa wannan tambaya. Wani masanin kiɗa ɗan ƙasar Kanada, R. Murray Schafer, ya jagoranci ayarin masu bincike a Jami'ar Simon Fraser suka naɗi sautukan birnin Bankuba, suka fitar da su a 1973, bisa hujjar cewa kowane gari yana da amonsa kamar yadda yake da gine-ginensa, kuma amon yakan ɓace ba a lura ba. A 1996 hukumar muhalli ta Japan ta zaɓi sautuka 100 na ƙasar waɗanda ta ga ya kamata a kiyaye. A Faransa kuwa, wasu maƙwabta ne suka kai ƙarar wani zakara mai suna Maurice a tsibirin Oleron, wai cararsa tana hana su barci. Kotu ta kori ƙarar a 2019, kuma a watan Janairu na 2021 ƙasar ta kafa dokar da ta sanya sautuka da ƙamshin karkara cikin gadon al'umma. Idan har carar zakara ta kai majalisar Faransa, to bugun shuni a marinar Ƙofar Mata bai kamata ya zama abin rainawa a wurinmu ba.

Ina Namu?

A Ingila, abin da ma'aikatan gwamnati suka samar mallakar Masarauta ne, kuma Nijeriya ta bi wannan tafarki: dokarmu ta ba gwamnati haƙƙin mallakar aikin da aka yi bisa umarninta ko ƙarƙashin kulawarta. Ke nan abin da badujalar sojan ƙasa, ko ta ruwa, ko ta sama, ko ta 'yan sanda ta naɗa a bakin aiki, ba ya zama mallakar kowa kai tsaye kamar yadda yake a Amurka. Malamin da ya nemi kiɗan faretinmu a intanet, abin da zai fi cin karo da shi shi ne bidiyon da wani ɗan kallo ya ɗauka da waya, iska na busawa, mutane na surutu, babu kuma bayanin ko an yarda a kwafa.

Akwai abin da ya fi wannan sosa rai. Benedict Odiase, shugaban badujalar 'yan sandan Nijeriya, shi ne ya tsara kiɗan taken ƙasa da aka yi amfani da shi daga 1978 zuwa 2024. Amma sautin wannan take da aka daɗe ana ji a shafin Wikipedia, badujalar sojan ruwan Amurka ce ta kaɗa shi, domin nata ne ke da tabbacin ba a biyan ladansa. Wato ɗan sandanmu ya tsara, baƙo ya kaɗa, duniya ta ji mu ta bakin baƙo. Hausawa kuwa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Da aka maido da tsohon take na 1960 a ranar 29 ga Mayu, 2024, kowace makaranta a ƙasar nan ta wayi gari da buƙatar kiɗa mai tsabta da za ta koya wa yara. Irin wannan rana ce ke nuna amfanin taska ta hukuma wadda kowane shugaban makaranta zai shiga ya ɗauka da kwanciyar hankali.

Gyaran ba ya buƙatar sauya doka. Mai abu yana da ikon bayar da abinsa. Ita kanta Birtaniya, wadda muka gaji tsarin daga gare ta, ta fito da buɗaɗɗen lasisin gwamnati a 2010, wanda ya ba kowa damar kwafa da amfani da bayanan hukuma muddin ya ambaci tushensu. Abin da nake kira a yi shi ne hukumomin tsaronmu su shiga ɗakin naɗar sauti da badujalolinsu, su kaɗa taken ƙasa, da kiɗan maci, da busar begila iri-iri, su sake su da lasisi bayyananne. Makaɗan suna nan, kayan kiɗan suna nan, albashinsu kuma daga baitulmalin jama'a yake fita.

Amfanin Sauti ga Malamin Hausa

Me ya haɗa malamin Hausa da wannan magana? Dabarun harshe huɗu muke koyarwa: saurare, magana, karatu da rubutu. Na farkonsu shi ne ya fi shan wulaƙanci a azuzuwanmu, domin allo da alli ba sa fitar da amo. Akan ce gani ya kori ji, amma akwai darussan da ji ne kaɗai ke isar da su.

Ɗauki amsa-kama. Malami zai iya ɓata rabin darasi yana bayanin bambancin tsulum da tinjim, alhali da zai kunna sautin tsakuwa ta faɗa rijiya, sannan na babban dutse ya faɗa kududdufi, yara da kansu za su kawo kalmomin. Haka kacau-kacau na mundaye, da rugum na faɗuwar katanga. A darasin insha'i, ana iya kunna hayaniyar kasuwa ta minti biyu, a ce kowane ɗalibi ya siffanta wurin da kunnensa ya kai shi. A darasin wasan kwaikwayo, ɗalibai za su iya shirya wasan rediyo cikakke, da sallama a ƙofar gida da kukan jaki da tashin babur, ba tare da sun taɓa haƙƙin kowa ba.

A fagen adabin baka da al'ada buƙatar ta fi tsanani. Waƙoƙin daka da na niƙa a kan amon taɓarya da dutsen niƙa aka gina su. Yaron birni da ya tashi yana jin ƙarar injin markaɗe kaɗai, idan aka ba shi baitocin a takarda, an ba shi gangar jiki ne babu rai. Haka nan ba za a fahimci yadda kalangu ke magana ba sai an ji yadda makaɗi ke matsa tsirkiya yana sassautawa don kwaikwayon karin sautin harshe, na sama da na ƙasa da faɗau. Ita ma badujala tana da gurbi a nan. Tarihin Kano ya ambaci kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya fara a ƙarni na 15, kuma tambari da algaita da kuge sun daɗe suna rakiyar sarakuna zuwa fagen fama. Malamin da ya jera wa ɗalibai busar kakaki da busar begila, ya tambaye su saƙon da kowace ke isarwa da wanda ake yi wa ita, ya koyar da tarihi da al'ada da harshe a zama ɗaya. Hawan sallar Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a watan Disamba na 2024, kuma rabin armashin hawan a kunne yake.

Hujjojin Masu Ja

Wannan ra'ayi ba zai rasa masu ja ba, kuma wasu hujjojinsu suna da ƙarfi. Na farko za su ce, idan aka saba wa mutane da kiɗan kyauta, makaɗa za su rasa abinci. Wannan shi ne tsoron Sousa, kuma makaɗanmu sun ɗanɗana ɗacinsa a hannun masu satar fasaha tun zamanin kaset. Amsata ita ce a bambanta. Sojan da ke busa begila albashi yake karɓa, ko an sayi faifai ko ba a saya ba. Makaɗin garaya ko mawaƙin fim kuwa da sana'arsa yake ci, kuma ban ce a taɓa nasa ba. Ko a Amurka doka ta hana badujalar soja yin gasa da makaɗan farar hula wajen neman kuɗi. Hasali ma, idan aka samar da rijiyar halas mai wadata, mai shirya fim ko tallar rediyo ba shi da sauran uzurin tsallaka katangar wani.

Na biyu za su ce, Amurka ba don Allah take rabon kiɗanta ba, neman suna ne da yaɗa tasiri. Wannan gaskiya ne, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ƙasar da kiɗanta ke cikin kowace kwamfuta ta shiga kunnen duniya ba tare da ta harba harsashi ba. Amma wannan hujja ce a gare mu, ba a kanmu ba. Idan mai shirya fim a wata nahiya ya nemi amon kasuwar Hausa bai samu ba, sai ya ɗora na wata ƙasa, mai kallo kuma ya ɗauka haka muke.

Na uku, wadda ta fi nauyi, ita ce baƙi za su kwashe sautukanmu su yi kuɗi da su, har ma kamfanoni su horar da na'urorinsu masu kwaikwayon basirar ɗan Adam, mu kuwa mu tashi a tutar babu. Ba zan musa wannan haɗari ba. Abin da aka saki mallakar kowa ba ya kiranyuwa. Saboda haka ba kowane sauti ne za a saka da lasisi ɗaya ba. Amon guduma a kan maƙera, ko faɗawar guga a rijiya, babu asarar da za a yi idan kowa ya ɗauka. Waƙar da wata dattijuwa ta rera da muryarta kuwa tata ce. Sai da yardarta za a naɗa, kuma ya fi kyau a sa mata sharaɗin ambaton suna da hana kasuwanci, ko ma a bar ta a taskar kwaleji don nazari kawai. Dokar ƙasarmu ta kuma ba adabin gargajiya kariya ta musamman daga kasuwanci ba tare da izini ba, tare da sassauci ga harkar koyarwa. Sannan a tuna cewa ɓoyewa ma tana da nata haɗari. Kaset nawa ne suka narke a cikin akwatunan gidajenmu, da muryoyin da ba za a sake ji ba har abada?

Na huɗu shi ne batun mutunci da sirri. Ba kowane gida ake shiga ba, ba kuma kowane sauti ake fitarwa ba. Tambarin fada yana da lokutan kaɗa shi da masu ikon ba da izini. Hirar mata a tsakar gida ba ta kasuwa ba ce. Wanda ya naɗi muryar mutum a ɓoye ya ci amana, ko da niyyarsa ilimi ce. A nan babu jayayya: ladabi yana gaba da bincike.

Abin da Ɗalibi Mai Koyon Malanta Zai Iya Yi

Kiran da na yi wa hukumomi zai iya ɗaukar lokaci, amma naku aikin ba ya jiran kowa. Wayar da ke aljihun yawancinku ta fi na'urar da aka naɗi badujalar Sousa da ita nesa ba kusa ba. Idan aji mai ɗalibai 40 ya fita koyarwar gwaji, kowa ya dawo da sauti 5 daga garin da aka tura shi, sashen Hausa ya sami sauti 200 a zango ɗaya.

Sai dai aikin yana da ƙa'idoji. A fara da neman izini, a bayyana wa mutum inda sautin zai je, in so samu ne a naɗi amincewarsa da bakinsa. A zaɓi lokacin da janareta da babura suka lafa. A juya wa iska baya, a kusantar da waya ga abin da ake naɗa, a yi shiru har a gama. Bayan haka a rubuta bayani cikakke: sunan abin da Hausa, da sunansa a karin harshen wurin idan ya bambanta, da gari, da kwanan wata, da wanda ya naɗa, da irin lasisin da aka zaɓa. Sautin da ba shi da bayani kamar littafi ne da bango ya cire. Daga ƙarshe a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya: ɗaya a ɗakin karatu na sashe, ɗaya a hannun malami, sannan waɗanda suka dace a sa su a taskoki irin su Freesound ko Wikimedia Commons, da sunayensu na Hausa, domin wanda ya nema da Hausa ya samu.

Haka kuma idan kun ɗauko na wasu, ku karanta sharaɗin kafin ku kunna, ku ambaci mai shi a gaban ɗalibanku. Yaron da ya ga malaminsa yana yin haka ya koyi riƙon amana ba tare da an yi masa wa'azi ba.

Kammalawa

Mun ga yadda doka ɗaya ta mayar da kiɗan sojan Amurka rijiyar kowa, da yadda jami'a ɗaya a Sifen ta buɗe taskar da duniya ke zuba wa sauti. Mun kuma ga cewa namu kiɗan hukuma yana jiran a sake shi, namu sautukan gida kuwa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, inji yana maye gurbin turmi, famfo yana maye gurbin guga. Kiɗan badujala ba zai ɓace ba, domin yana da hukuma a bayansa. Luguden mata ba shi da kowa sai wanda ya damu da shi. Idan kun je hutu, ku nemi izinin iyayenmu mata, ku ajiye waya a gefen turmi, ku naɗi abin da jikokinku za su so su ji.